Yadda Za Ka Mallaki Motoci Bakwai Ba Tare da Ɗaya Ta Tashi Ba

Masu kamara sun baro Damagaram, har sun wuce Gidimuni! Kai kuma, ɗan barkwancin Gure, bakinka ne ya ja maka: a shirin tele na tsakar dare ka rantse kana da motoci bakwai. In suka tarar ƙarya ce, an kore ka daga shirin. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, tabbas ka tsira.

Na ɗaya: Tara gawarwakin motoci. Ruga garejin Tahiru makanike, ka ce, "Maigida, ara mini waɗancan na bayan katanga." Zai ce, "Ai ba inji a cikinsu." Ce masa kai ma ba kunya a cikinka. Amalanken shanu ya jawo su ƙofar gidanka.

Na biyu: Kori masu haya. Kazar da ke kwanci a kujerar direba ta fita. In ta ƙi, ka ce ita ce mai gadi.

Na uku: Faɗi kuɗinsu da Faransanci. Da Hausa dala muke ƙirgawa, kowace dala sefa biyar ce, lamba ta fito 'yar ƙarama kamar albashinka. Da Faransanci kuwa sai ta ninka biyar ba ka ƙara ko sisi ba. Iyakar ribar da ka ci a lakwal, makarantar boko, ke nan.

Na huɗu: Kada a taɓa makulli. In suka ce a tayar da kat-kat ɗin, wato jif ɗin cikinsu, yamutsa fuska ka ce, "Talaka ke tuƙa mota. Mai arziki kallonta yake." Za su yi dariya. Mutumin da ya hana idonsa barci don ya kalle ka, me ba zai haɗiye ba?

Na biyar: Rufe bakin matarka. In Yabawa ta leƙo ta ce, "Malam, motoci bakwai, tukunya ba gishiri?" juya ga kamara ka ce cikin wasan ne.

Gargaɗi: ni shawara na bayar, ba da ni aka yi rantsuwa ba. Abin da ya biyo baya naka ne kai kaɗai, har da wancan baƙon da ya tsayar da kamiyo, babbar motar kaya, a tsakiyar ɗaukar hoto, ya sauko da sikeli a kafaɗa, yana cewa:

"Salamu alaikum. Nan ne gidan da uwargida ta sayar mini da tsohon ƙarfe a kilo?"