Halwar Malam Zakari

Kamar kowace safiya, Malam Zakari na gaban madubi, yana shafa kuncin hagu da yatsa biyu, yana yi wa tabonsa barka da kwana. Wa ya kai shi? Fasihin Madarumfa, Alƙalamin Bakin Tafki, wanda kifi ke ɗago kai in ya ja baiti, ko da yake masunta sun ce yunwa ce.

Da tabon aka haife shi, ja mai duhu, kamar zoɓo ya zube a tabarma. Tun yana saurayi yake rera shi a waƙa. Yabon kai jahilci, amma ai ba a ce har da fasihai ba.

"Tawadar Allah ce!" in ji shi a kowane taron suna. "Wanda aka yi wa rubutu a fuska, shi ke rubuta wa duniya."

A zuci kuwa ya ƙi jinin tabon. Ya tabbata duk garin ba su da abin kallo sai kuncinsa. Da ɗansa Al'amin, mai saro kaya daga ƙasar Sin, ya ce akwai magani can, Malam ya riga shi shiga mota. A wani asibiti can aka ɗura masa magani a jijiya, aka haska wa kuncin wata fitila, hasken ya tayar da maganin, ya busar da ƴan jijiyoyin jinin da suka yi tabon. Likita ya ce ban da shiga rana sai maganin ya bar jiki, in ba haka ba fata ta saɓule.

To, da wane baki Alƙalami zai ce ya goge tawadar Allah? Ya dawo naɗe da rawani har ido, ya sa aka saki rido, wato labule, ya aika wa gari cewa ya shiga halwa. Mata suka yi ta aiko fura don neman albarka. Malam na sha, yana tsara yadda gari zai girgiza, da mafarkin da zai ce a cikinsa aka shafe tabon.

Ranar fitowa zaure ya cika. Ya warware rawani a hankali, ya juya musu kuncin hagu, wanda ya koɗe sai dishi-dishi.

"Ma sha Allah," in ji Hamisu masunci, abokin ƙuruciyarsa. "Halwa ta karɓe ka, Malam. Dubi wuya!"

"Ku duba da kyau."

Aka duba. Wani ya ce ya rage gemu. Wani ya tambayi kuɗin rawanin.

Ya shige ɗakin Ɗelu, matarsa tun auren fari, tana tsince wake.

"Ke Ɗelu, mi ya ɓace a fuskata?"

Ta ɗago, ta ƙura masa ido.

"Tabona!" ya ce.

"Af," in ji Ɗelu. "Ba a dama yake ba?"

Malam ya ɗauki rawaninsa, ya fice daga ɗakin.