Jakar da Take Ƙara Nauyi da Kanta

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da na tsaya a tsakiyar filin makaranta ina nuna Samira da yatsa, bakina har kumfa yake. Shekarata goma sha shida a lokacin, kuma a ganina duk Jidda babu mai wayona.

Makarantarmu ta shiga wani shirin ba matasa lambar yabo. Sharaɗin ƙarshe shi ne tafiyar ƙafa ta kwana uku a duwatsun wajen Ɗa'ifa, kowacce da jakarta a baya, a kwana a tanti. Malamarmu, Abla Huda, ta kafa doka: kada jaka ta wuce kilo goma sha biyu, kuma wadda ta fi iya shirya kaya ita za ta riƙe taswira ta ja ragamar rukuni. Ni da Samira duk muna son taswirar nan. Aminiyata ce tun muna aji ɗaya, gidansu yana bayan namu a unguwar Bani Malik, amma ai aminci daban, taswira daban (haka dai na gaya wa kaina).

Tun saura kwana huɗu na gama shiri. Na auna da sikelin da mahaifiyata, Ummi, take auna wa alhazai kayan tsaraba: goma sha ɗaya cif. Washegari na sake aunawa don kawai in ji daɗi, sai ga goma sha biyu da rabi. Na zuge, na leƙa sama-sama, komai yana nan yadda na jera. Na cire rigar sanyi da takalmin roba. Da gari ya sake wayewa, goma sha uku!

To fa. Wa yake shiga ɗakina? Ummi a shago take yini. Kakata, Sitti, ta haura tamanin, sai ta dafa bango take zuwa banɗaki, ko a raina ban kawo ta ba. Saura wa? Samira, wadda kullum bayan la'asar sai ta shigo wai "gaida Sitti". Nan na fara haɗa lissafi. Me ya sa ta tambaye ni nauyin jakata? Me ya sa ita da Sitti suka yi tsit da na shigo? Har zare na ɗaura a bakin zik, ni ga 'yar sandan ciki. Na dawo na tarar ya tsinke, na ce shi ke nan, ta tabbata.

Ranar tafiya, ana shirin awon jakunkuna, na je shan ruwa. Ina dawowa na hango Samira a tsugune bayan bas, hannunta har gwiwa a cikin jakata.

"Na kama ki, munafuka!" (Wallahi har masu gadi sai da suka juyo.)

Ta ɗago a firgice. "Ke, don Allah ki rage murya."

"Ba zan rage ba! Abla, zo ki gani! Kwana uku tana cusa min kaya don in faɗi awo ta samu taswira!"

Abla Huda ta zo, ta dube ni, ta dube ta. "Halas, ya isa. Ku zazzage duka biyun, yalla, maza."

Na zazzage tawa da ƙarfin hali. Da na warware bargon kwanciya, sai ƙananan ƙulle-ƙulle suka yi ta faɗowa: dabino, kanwa, ashana, allura da zare, gumba. Duk an ɗaure su da yage-yagen wani koren ɗankwali da na sani farin sani. Na Sitti ne.

Samira ta juye tata. Ga irin ƙullin nan har biyar, ga dambun nama, ga gorar zamzam, ga wata 'yar butar ƙarfe da ta girmi Ummi. Aka auna, jakarta ta haura doka da kilo biyu.

Ba ta kalle ni ba, ta yi wa Abla bayani. Ashe ta tarar da Sitti a ɗakina tana lallaɓa kayan a cikin bargo. Sitti da ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya, ita da iyayenta, shekara uku a hanya, kuma a hanyar suka binne ƙaninta da guzuri ya ƙare. Tun da ta ji an ce jikarta za ta yi tafiyar ƙafa, hankalinta bai kwanta ba. Ta roƙi Samira kada ta faɗa min, don ta san zan watsar. Ita kuma Samira ta ga hanya ɗaya ce: ta kwashe nauyin zuwa jakarta, ni in ci awo, guzurin Sitti kuma ya bi ni.

Ɗebewa take yi. Ni kuwa na kira ta munafuka a gaban 'yan aji talatin. Da ƙasa za ta tsage, da ban tsaya neman takalmi ba.

Taswira dai wata ce ta samu, ta kuma ɓatar da mu tun rana ta biyu. Da abincinmu ya yi ƙasa, dambun Sitti ne ya rufa mana asiri. Samira ce ta raba. Da ta zo kaina ta tsallake ni, ta ba ta gefena. Na cancanta. Ni na ɗauki butar ƙarfen nan har muka dawo, kuma sai da na yi wata biyu ina zarya gidansu kafin ta yarda ta yi min dariya.

Sitti ta rasu ba ta san abin da ya faru ba. Abin da kawai ta tambaya da na dawo shi ne, "Ya ishe ku?"

Na koyi darasi: yanzu idan na ga hannun mutum a jakata, sai na duba ko zubawa yake ko ɗebewa kafin in buɗe wannan bakin nawa. Samira kuwa har yau, duk sanda na ajiye jaka a gidanta, sai ta miƙo min zare ta ce, "Ungo, ɗaura, kada in yi miki alheri."