Yaƙin Malam Haladu da Zazzaɓin Agogo

Da sunan Mai juya dare da rana muke buɗe wannan tarihi. Bayan haka, wannan labarin gwarzo ne ɗan gwaraza, Malam Haladu na Haɗejiya, sadaukin dalma da waya, ɗan Mamman Mai-Tocila, wanda ya kwance keken ɗinkin matarsa don ya ga abin da ke ciki, bai kuma mayar ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Jikan Buba Na-Rediyo, wanda ya fara shigo da akwatin magana unguwarsu, ya ƙare rayuwarsa yana murɗa shi bai taɓa kama komai ba sai shuu. Daga wannan salsala mai albarka gwarzonmu ya fito, bai kuwa bar gado ya faɗi ƙasa ba.

Da ya yi ritaya daga ofishin ruwa, inda ya tsufa yana sa hannu a kan ruwan da famfo bai taɓa gani ba, sai ya ɗaura niyyar ƙera agogon lantarki da hannunsa, a zamanin da kowace waya a gidansa take faɗin lokaci kyauta. Ya tara wayoyin wuta da ƙananan kayan rediyo, ya ƙona yatsunsa da ƙarfen narkar da dalma, ya cusa komai cikin akwatin katako mai fuskar gilashi, har ranar da jajayen lambobi suka haska. A ranar ya nufi majalisar dattawa ta gindin darbejiya, ya yi shela cewa ran Juma'a bayan la'asar kowa ya zo ya ga ikon Allah.

Taubashinsa Alhaji Gwadabe, wanda tun suna yara yake ja masa rai, ya ce, "In dai kai ka haɗa shi, Haladu, a sanar da maƙwabta su kwashe kayansu."

Gwarzo ya kaɗa rigarsa ya nufi gida, domin manyan mazaje ba sa kula ƙananan kibau.

Amma maƙiyi yana kwance cikin sansani. A tsakiyar agogon akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, wanda aikinsa rage ƙarfin wuta, kuma wannan munafuki ya ƙulla amana da bazara, sarauniyar gumi, mai narkar da kwalta, mai sa kare ya manta haushi. Da hantsi ya ɗaga sai ya ɗauki zafi, lambobi su fara ƙyaftawa, su koma takwas-takwas daga farko har ƙarshe, sannan su mutu, ɗaki ya ɗauki ƙaurin roba.

Karon farko da mafici aka yi shi. Malam Haladu ya durƙusa gaban akwati yana yi masa fifita da tawali'un da bai taɓa yi wa ɗan Adam ba, har kafaɗarsa ta yi tawaye. Agogo ya mutu a hannunsa.

A karo na biyu ya zaro abin huda katako, ya yi kabbara, ya afka wa akwatin ta gabas da yamma, bai tsaya ba sai da ya mayar da shi rariya. Iska ta shiga, amma iskar Haɗejiya ce, wadda ita kanta fifita take nema.

Nan fa ya tuna ya taɓa jin cewa farin ƙarfe yana zuƙe zafi. Ya yi kwanton ɓauna har maiɗakinsa, Hajiya Tabawa, ta tafi barkar suna, sannan ya kai farmaki kicin, ya kamo murfin tukunyarta ta silba, wadda ta zo da ita daga gidan ubanta, ya yanke shi da almakashi, ya ɗaura wa ɗan baƙin abu a baya kamar garkuwa. Bai tsaya nan ba. Ya wuce ɗakinta ya ci ganimar fanka, ita kaɗai ce wutar solar gidan take iya ɗauka tare da firiji, ya girke ta gaban agogo. Maƙiyi ya ja da baya har azahar, sannan ya dawo da rundunarsa ta takwas-takwas.

Hajiya Tabawa ta dawo da safiyar Juma'a, domin ta kwana can gidan sunan. Ta tarar da tukunya ba murfi, ɗaki ba fanka. Ta tsaya bakin ƙofarsa, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, da na yi zazzaɓi bara, ko sannu sai da na roƙa. Yau akwati ne da fanka da mai jinya?"

"Hajiya, mutuncina ne a cikin akwatin nan. Gwadabe zai zo."

"To, in aka kira azahar fankata ba ta koma ba, da shi zan hura wutar tuwo. Ka ma riga ka huda min shi, zai kama da kyau."

Masana tarihi sun haɗu a kan cewa ba a taɓa ƙuntata wa wani jarumi kamar haka ba: bazara a gabansa, murhu a bayansa, Gwadabe kuma yana can yana guge babbar rigarsa. Gwarzo ya miƙe jiki a sanyaye, ya je falo neman ruwan sha, ya buɗe firijin da Hajiya take sanyaya zoɓonta na sayarwa. Sanyi ya daki fuskarsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Nasara ta zo."

Aka zauna sulhu, sulhun da wanda aka ci da yaƙi ne kaɗai yake amincewa da irinsa. Fanka ta koma ɗakinta, ya yi alkawarin sabuwar tukunya da murfinta, ita kuma ta sallama masa kusurwa ɗaya a can ƙasan firijin. Ya zura wayar wuta ta gefen ƙofarsa, ya zaunar da agogo, ya rufe. Azahar ta wuce, ya leƙa, lambobi suna nan garau.

Bayan la'asar dattawa suka cika falo, manyan riguna suna gogar juna. Malam Haladu ya yi jawabi a kan himma da gadon iyaye da ƙasƙancin masu hassada, sannan ya kama ƙofar firiji ya buɗe. Raɓa ta rufe gilashin, ba a ganin komai sai wani ja-ja. Ya sunkuya ya share da hannun rigarsa. Alhaji Gwadabe ya zaro wayarsa, ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya ce, "Daidai ne kam."

Kafin gwarzo ya gama kumbura, muryar Hajiya ta taso daga tsakar gida: "Malam, a rufe min firiji, sanyi yana fita."

Ya rufe. Dattawa suka tsaya suna kallon farar ƙofa.

Alhaji Gwadabe ya gyara hula ya ce, "Yanzu in ka rufe, ya kake sanin yana tafiya?"

"Yana tafiya."

"To, madalla. Ni a ba ni zoɓo mai sanyi."

Haka aka tashi daga wannan gagarumar waƙi'a, kowa da gorar zoɓo a hannu. Agogon kuwa yana nan har yau a inda aka girke shi, tsakanin ragowar miyar kuka da kwanon kayan miya, cikin duhu da sanyi, yana faɗa wa tumatir lokaci ba tare da kuskure ba.