Yadda Za Ka Gyara Taraktar Surukinka Ba Tare da Ka Gyara Ta Ba

Idan Allah ya jarrabe ka da suruki mai tsohuwar tarakta, bakinka kuma ya taɓa kuskuren cewa kai makanike ne, to ka kwantar da hankalinka. Matakan nan a cikin garin Gure aka gwada su, kuma na yi maka alkawari duk wanda ya bi su daki-daki babu mai kunyata shi a gaban jama'a. Ita taraktar kuwa, wannan wata magana ce daban.

Gwaninmu a wannan fanni shi ne Barmo. Lokacin da yake neman auren Balkisa, ya shaida wa mahaifinta, Malam Aisami, cewa ya yi shekaru a wani garaji a Damagaram. Bai yi ƙarya ba. Shi ne mai shayin bakin ƙofar garajin. Bana da ruwan shuka ya sauka, sai famfon da ke ɗaga garmar taraktar Malam Aisami ya fara yoyon mai, garma ta zauna a ƙasa ta ƙi tashi. Gonar tsohon da ke hanyar Gidigir ƙasarta mai tauri ce, sai an huɗe ta kafin laima ta bushe, shi kuma gwiwoyinsa sun daɗe da sallamar shi. Sai ya aika a kira surukinsa.

Mataki na ɗaya: Kada ka ce ba ka sani ba.

Tsakaninka da suruki akwai kunya, kuma ita ce jarinka. Kai ba ka iya buɗe baki ka ce masa ba ka iya ba, shi ma ba ya iya kallon idonka ya ce ka kasa. Barmo ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida tsohon. Malam Aisami ya kalli gefe ya ce, "Ga ta nan, tana zubar da mai. Na ce tun da muna da na gida, ba ma kai ta waje." Barmo ya ce, "Ƙaramin aiki ne, Baba."

Mataki na biyu: Kwanta a ƙarƙashinta.

Mutumin da ke kwance ƙarƙashin inji babu mai ganin fuskarsa, saboda haka babu mai gane bai san abin da yake kallo ba. Shimfiɗa buhu, ka shige, ka bar ƙafafunka kawai a waje. Ka riƙa buga ƙarfe lokaci-lokaci kana tsaki. Ka kuma tabbata man ya ɗiga a rigarka, don makanike mai tsabtar riga ba a yarda da shi.

Mataki na uku: Ɗora laifin a kan wanda ba ya nan.

Barmo ya fito yana girgiza kai ya tambayi wanda ya taɓa famfon nan a baya. Aka ce marigayi Burahima direba. Barmo ya ce, "Allah ya jiƙansa," da irin muryar da ke nuna ya ga abin da ba ya faɗuwa. Idan babu mamaci a kusa, Nasaran da suka ƙera ta ma sun isa.

Mataki na huɗu: Yi amfani da abin da ke cikin gida.

Kwaɓa sabulu da sukari ka liƙe inda tiyo ya haɗu da famfo, ka naɗe da tsohuwar robar taya. Zai riƙe har ka tada inji, daga nan kuma ya yi maka feshi a fuska. Idan man ya ƙare, kada ka koma wurin suruki. Mai ai mai ne. Barmo ya lallaɓa ya ɗauki bido, wato jarkar man gyaɗan da Balkisa ta matse don kasuwa, ya juye a ciki. Kafin la'asar awakin unguwa sun yi layi suna lasar cikin tarakta.

Balkisa ta tsaya a kansa riƙe da bidon da babu komai ciki ta ce, "Malam, ƙosai za ka soya a cikinta ne?"

"Ke ba ki san aikin inji ba."

"Haka ne. Amma na san laima na bushewa, kuma gonar nan ita ke ciyar da gidanmu. Ka gaya ma Baba gaskiya mana."

Kada ka saurari irin wannan magana. Gaskiya ba ta cikin kayan aikin makanike.

Mataki na biyar: Kada ka kula da ƙananan abubuwa.

Wata safiya Barmo ya tarar da ɗan zoben roba baƙi, sabo fil, an ajiye shi a tsakiyar kujerar direba, an danne da ƙaramin dutse don kada iska ta ɗauke. Ya juya shi, ya ja shi, ya ga yana da kyau da ƙarfi. Babban makanike ba ya ɓata lokaci a kan tarkace, amma kuma ba ya almubazzaranci. Sai ya ɗaure bakin ledar sukarinsa da shi, ya kuwa kama tsam.

Mataki na shida: Karrama surukinka.

Idan ya zo duba aiki, koma ga sana'ar da ka iya. Malam Aisami ya dogaro sandarsa ya zauna a inuwa, Barmo ya hura gawayi, ya dafa masa shayin da babu irinsa a Gure. Kai ba ka sha a gabansa, don haka sai ka zuba masa ka koma gefe. Da ya zo sa sukari, ya kwance zoben a gaban tsohon, ya ɗiba, ya sake ɗaurewa a hankali. Malam Aisami ya daɗe yana kallon ledar. Ya kalli sama, inda babu ko ɗigon hadari. Ya shanye shayinsa ya ce, "Hannunka na da kyau a shayi. Allah ya yi albarka." Barmo ya ji daɗin yabon har cikin ransa.

Mataki na bakwai: Je ka kai rahoto.

Washegari Barmo ya shirya bayani mai kyau, cewa famfon sai an aika Kano. Bai tarar da tsohon a gida ba. Balkisa ce ta fito daga ɗakin mahaifiyarta, idanunta jawur, ta ce tun asuba Baba ya hau amalanke ya tafi gona da sungumi.

"Da waɗannan gwiwoyin? Ai da ya jira ni."

"Ya jira ka. Tun ranar farko ya san juwan ne ya cinye, ɗan zoben robar da ke bakin famfo. Ya sa direban Damagaram ya sayo masa. Ya ce in ya miƙa maka da hannunsa ya tona ka, shi ya sa ya ajiye maka a kujera."

Barmo ya sa hannu a aljihu ya taɓa ledar sukari. Kunyar da yake ta gudu ta same shi a tsaye, babu kowa a wurin sai matarsa. Ya ari keke ya bi hanyar Gidigir. Daga nesa ya hango tsohon shi kaɗai a tsakiyar gona, yana sara ƙasar da ta riga ta fara yin fari, in ya yi taku kaɗan sai ya tsaya ya dafa gwiwa. Barmo ya cire takalmi ya durƙusa. Malam Aisami bai ɗago ba, ya ce, "Ka baro aikinka? Koma, kada rana ta yi maka." Barmo bai koma ba. Ya miƙa hannu biyu, tsohon ya sakar masa sungumin.

Gargaɗi: Marubucin nan bai ɗauki alhakin man gyaɗa, ko cikin awaki, ko rumbun da ya tashi rabi ba. Alkawarina shi ne babu mai kunyata ka a gaban jama'a, kuma na cika. Har yau Malam Aisami bai ce wa kowa komai ba, in baƙi sun zo ma cewa yake, "Ga surukina, makanike." Yadda za ka yi da wannan kalma in ta faɗo maka a ka, ba ya cikin darasin.