An Ce Babu Kowa a Laburare

Ranar Litinin da hantsi wuta ta ɗauke mana a laburare, alhali ga ta nan tar a sauran azuzuwa. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Ɗalibai arba'in da biyu ne a gabana, kowa ya duƙufa a kan littafinsa, kuma babu wanda ya ɗaga kai domin sun saba. Ni ne na miƙe, da furfurata da tabarona, na je tsakiyar ɗaki ina kaɗa hannuwa sama kamar mai korar kaji daga shanya. Wuta ta dawo. Na koma na zauna, na gyara hula. Bayan minti goma na sake tashi.

Kada ku ce Malam Manniru ya fara taɓuwa. Makarantarmu ce aka yi wa wayo. Bari in bi da ku daki-daki, yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

Bara da kuɗi suka yi wa manyanmu yawa har aka rasa inda za a zuba su, sai aka zaɓi makarantarmu a nan Abuja don a mayar da ita gini mai hankali. Mai Girma Sarkin Almakashi da kansa ya zo da motoci goma sha tara ya yanke ƙyalle. Ya ce daga yau ba sai ɗan Adam ya taɓa komai ba, gini zai san abin da muke so tun kafin mu so shi. Muka tafa. Ƙofa tana buɗe kanta ta gaishe ka da Turanci, kai kuma ka yi sallama babu mai amsawa. Famfo yana jin hannunka ya yi tsaki, ruwan ne dai ba a sa a cikin kwangila ba. A silin ɗin kowane ɗaki kuma an manna wani farin abu kamar murfin kwano, wanda ɗalibai suka raɗa wa suna Ɗan Leƙe. Idan ya ji motsi, ya ba da wuta da fanka. Idan ya yi minti goma bai ji ba, ya kashe komai, ya aika wa hedikwata labari cewa ɗaki fayau yake.

To, ni shekara ashirin da shida nake koya wa yara abu guda kafin komai: a laburare ana zama ne a natse. Na sha wuya kafin su iya. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma Ɗan Leƙe bai yi Hausa a makaranta ba. Ajin da ke maƙwabtaka da mu, inda malaminsu ya tafi bin layin mai tun safe yara suna tsalle a kan benci, wutarsu ko ƙiftawa ba ta yi.

Da a nan abin ya tsaya, da na ɗauke shi motsa jiki. Amma a ranar, bayan an tashi, Firinsifal ta kira ni ta miƙo mini takarda tana kallon gefe. Rahoton na'ura ya nuna cewa laburare ne ɗakin da aka fi ƙaurace wa a duk makarantar. Saboda haka nan da mako biyu za a kwashe littattafai a kai sito, a zuba kujeru masu taushi, ɗakin ya zama masaukin baƙin da ke zuwa ganin ci gabanmu. Na san siton nan. Yana yoyo, kuma gara ta daɗe da karɓar mukullinsa. Rabin littattafan nan ni na roƙo su gida-gida, wasu a kaina na shigo da su.

Na ce, "Hajiya, ai kina wucewa kina ganin yaran."

Ta ce, "Ina gani, Malam. Amma idona ba ya aika rahoto."

Washegari na ɗauki rajistar da yara ke sa hannu, na fito daga gidana a Mararaba tun asuba, na bi cunkoson da kuka sani, na isa hedikwata don in ga Ranka-ya-daɗe Magajin Kujera, wanda ya sa hannu a takardar. Su ma gininsu mai hankali ne. A bangon shiga akwai wani ƙaton allo da ke nuna kowane ofis, kore idan ana aiki, ja idan babu kowa. Ofishin Magajin Kujera kore shar. A ƙasa an rubuta cewa shi ne gwarzon ma'aikaci na wata huɗu a jere. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce mutum mai himma irin wannan zai fahimci malami.

Sakatariyarsa, Madam Christiana, tana ɓare gyaɗa a cikin aljihun tebur. Na gaishe ta, na tambayi Oga.

"Yana nan, Baba, bai yi nisa ba. Ka zauna."

Na zauna har azahar. Na je na yi salla na dawo. Da la'asar ta kawo jiki na ce, "'Yata, don Allah ki dubo mini shi, ko minti biyu ne."

Ta dube ni, ta dubi rajistar da ke cinyata, da alama tausayina ya kama ta. Ta tashi ta tura ƙofar kaɗan ta ce, "Zo ka gaishe shi."

Na leƙa. Babbar riga ce ta shadda, mai aiki har ciki, an shimfiɗa ta a kan kujera, an ɗora mata hula. A gefe ga fanka ta tsaye tana waiwaye dama da hagu. Duk lokacin da ta juyo, sai hannun rigar ya ɗaga ya sauka kamar mai ba da umarni. Na tsaya ina nazari, domin ni mai son fahimtar abu ne. Fanka tana kaɗa riga, riga tana tashin Ɗan Leƙe, Ɗan Leƙe yana ba fanka wuta. Babu wanda ya dogara da ɗan Adam a cikinsu, daidai yadda Sarkin Almakashi ya yi alkawari.

Na ce, "Mai rigar fa?"

"Tun wancan Talata ya je duba gonansa. Amma rigan nan, Baba, bai taɓa latti ba. Ko hutu ba ya zuwa. Ni ne nake canja shi ran Juma'a, kada ya yi datti."

"To wa zai duba rajistata?"

"Ka ajiye a gabansa in kana so. Duk fayil da ka gani a wurin, haka aka ajiye su."

Dole a yaba wa manyanmu. Tun zamanin da muna samari ake barin riga a kujera don a ce mai ita yana kusa, amma sai a wannan zamani aka kashe miliyoyi aka sayo mata mai shaida.

Da yamma na ba maƙwabcina Yamusa labari. Shi gyaran wayar wuta yake yi, kuma ba ya ganin abin mamaki a duniya. Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa.

"Malam, ai an ba ka amsar jarrabawa ka tsaya kana kallo. Ina da tsohuwar fanka."

"Yamusa, ni nake kama masu satar amsa."

"To kama gara mana, idan ta shiga littattafanka. Abin nan ba ya bambance mutum da tsumma. Irin mai arha suka sa, ni na san inda ake sayar da shi. Kuɗin mai tsadan kuwa ka tambayi rigar."

Barira, uwargidana, tana jinmu daga ƙofar kicin. Ta ce, "Malam, kai da ka hana ni ƙara wa kunu ruwa ranar da baƙi suka yi yawa?"

Na ce mata ban yanke shawara ba tukuna. Kuma Allah ya sani na gwada hanyar gaskiya. Na rubuta wasiƙa mai shafi uku, an karɓa an buga mata hatimi, an kai wa rigar. Na ce wa yara duk wanda ya gama shafi ya ɗaga hannu, sai karatu ya koma gasar ɗaga hannu, masu bin layi da yatsa a hankali suka fara jin kunya. Na hana. Ranar Alhamis ɗan kwangilar kujeru ya shigo da awo, yana taka tsakanin yara yana auna bango, ko sannu bai ce musu ba. Ɗan Leƙe kuwa ya ji shi sarai, ya ba shi wuta.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na cire babbar rigata, shuɗiyar nan da nake zuwa ɗaurin aure da ita, na rataye ta a jikin kantar ƙamus. Yamusa ya jona fankarsa. Hannun rigar ya ɗaga, ya sauka. Na ja ƙofa na tafi gida da 'yar ciki, ban iya haɗa ido da mai gadi ba.

Litinin da na dawo, na tara yara na gaya musu abin da na yi da dalilin da ya sa, domin ban saba ɓoye musu ba. Na ce wannan ba abin koyi ba ne. Suka ce sun ji. Suka buɗe littattafansu, kuma a karo na farko cikin shekara guda muka yi awa biyu cur babu wanda ya tashi korar kaji.

Jiya sabuwar takarda ta iso. An janye maganar masaukin baƙi. Rahoto ya nuna laburarenmu ba ya rabuwa da jama'a, har Asabar da Lahadi, abin da ba a taɓa gani ba a tarihin ilimi. Saboda cunkoson, an amince a ba da kwangilar gina laburare na biyu, mai ƙofa mai gaisuwa. Na duba takardar gaba da baya ban ga inda aka ambaci littafi ba. A sakin layi na ƙarshe kuma an yaba wa ma'aikacin da ke kula da ɗakin, an ce za a duba yiwuwar ƙara masa girma, abin da na shekara tara ina jira.

Barira ta ce in dawo mata da rigar ta wanke kafin bikin ƙanwarta. Na ce ta yi haƙuri, ba a janye ma'aikaci daga bakin aiki ana tsakiyar duba takardunsa. Idan ƙarin girman ya fito, masu zuwa barka ku wuce ni kawai, rigar tana nan rataye kusa da ƙamus.