Farfesa Busko na Ofishin Kayan Tsintuwa

A duk tashar jirgin ƙasan nan, daga mai sayar da tikiti har mai busa usur, babu wanda Allah ya yi wa baiwar harshe irin shugaban ofishin kayan tsintuwa. Mutum ne mai kwarjini, kwat ko ana zafi, biro uku a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu. Da ya fara koyon Sifaniyanci a waya, sai da kowa ya ji a jikinsa.

Kalmar da ta shiga ransa ita ce buscar, wato nema. Ya ce ita ce ruhin aikinsa. Tsautsayi ya sa ka gaishe shi da safe, to ka nemi wurin zama.

"Busco, ina nema. Buscas, kana nema. Buscamos, muna nema. Kuma a kiyaye, ba a saƙala komai tsakaninta da abin da ake nema. Busco la maleta, ina neman akwati, kai tsaye! Jahilai ne ke yi mata ƙari."

Mai gadi ya haddace har buscaremos, za mu nema, ba da son ransa ba. 'Yan dako suka raɗa masa Farfesa Busko. Shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce, har ya sa aka buga a takarda aka manna a ƙofa.

Abu ɗaya ne Farfesa bai taɓa yi ba, tashi daga kujera ya nemi wani abu. A bayansa ga lema ta fi arba'in, ga takalmi wari guda, ga haƙoran roba na wani bawan Allah da ya zo sau uku yana tambaya da dasashi. Duk wanda ya zo, fom ake miƙa masa. "Nema ilimi ne," in ji Farfesa, "ba sunkuye-sunkuye ba."

Ranar Talata da rana tsaka wani dattijo baƙo daga ƙasar waje ya faɗo ofishin yana haki. Matarsa na zaune a benci a waje, ta dafe ƙirji. Ya nuna ta, ya bugi ƙirjinsa, ya yi alamar haɗiyar ƙwaya, ya kwatanta 'yar jaka da hannu biyu, ya nuna ɗakin jira, ya nuna agogo. Kowa ya gane: ya manta jakar maganin zuciyarta a ɗakin jira tun safe, ga jirginsu saura minti ashirin. Sai dattijon ya buɗe baki ya ce, "Busco…"

Wayyo daɗi! Farfesa ya gyara wuyan kwat, ya ɗaga murya yadda masu layin tikiti za su ji.

"Buscas! Busco! Buscamos!"

Dattijo ya ji harshensu, ya ɗauka ya faɗo hannu nagari, ya dinga zuba bayani. Farfesa na gyaɗa kai, bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya juya ga jama'ar da ta taru a ƙofa ya ce, "Lafazinsa na ƙauye ne, amma ina bin sa." Ya zaro fom mai shafi biyu, ya ɗora wa dattijon biron da ba ya rubutu. "Buscaremos," ya ce, ya nuna kalanda.

Dattijon ya dubi fom, ya waiga wajen matarsa. Wallahi abin tausayi.

Inna mai shara, wadda ko sannu ba ta sani ba da Sifaniyanci, tana tsaye da tsintsiyarta. Ta leƙa ta ga leɓen matar ya fara canza launi. Ta jingine tsintsiya, ta birkice lemomi, ta buɗe durowa, ta duba bayan ƙofa. Babu. Sai ta durƙusa a gaban teburin.

"Yallaɓai, ɗaga ƙafa."

"Ke! Ana magana da harshen waje kina…"

"Ɗaga ƙafa, na ce!"

Ta jawo wata shuɗiyar jaka, duk shatin takalmi a kanta. Ashe tun safe wani ɗan dako ya kawo ta. Farfesa na sauraron wayarsa, ya tura jakar ƙarƙashin tebur, ya ji tudunta ya yi daidai da dugadugansa.

Dattijo ya fizge jakar, ya fita da gudu. Inna ta bi shi da ruwa a kofi. Matar ta haɗiyi ƙwaya, numfashinta ya daidaita, 'yan dako suka tallafe ta har cikin tarago. Kafin ya hau, dattijon ya tsaya gaban Inna, hawaye na zuba, ya yi mata doguwar magana.

Da ta dawo ɗaukar tsintsiyarta, ta tarar Farfesa na fassara wa jama'a daga kujerarsa. "Cewa ya yi bai taɓa ganin ofishi mai tsarin bincike irin nawa ba."

"Madalla," in ji Inna. "To Yallaɓai, nema dai mun ji shi har ya ishe mu. 'Na samu' fa, yaya ake faɗinsa?"

Farfesa ya laluba aljihu. Ya ciro waya, ya shafa sama, ya shafa ƙasa, jama'a na jira. Can ya yi gyaran murya.

"Wannan," ya ce, "ba mu kai wurin ba tukuna."