Katakon da Na Rantse Na Sarakuna Ne

Komai na tafiyata ta farko zuwa Guangzhou ta ƙasar China zai iya gushe mini, amma ba zan taɓa mantawa da shuɗin katakon nan ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne Kawuna ya tafi da ni sayen kekunan ɗinki, don kawai na cika masa kunne cewa na san itace, kasancewar mahaifina kafinta ne. (Gaskiyar magana, iyakar aikina a shagon Baba miƙo ƙusa.) Ya ce in na yi abin kirki, ni zai riƙa turowa a madadinsa.

Aikin da ya ba ni ɗaya ne: in zaɓi katakon da za a yi akwatunan kekunan. Mu a Kano ba ma yar da akwatin kaya, ɓalle shi muke yi a yi benci da kanta. Saboda haka da na ga wasu falankai a bayan shagon wani tsoho kusa da unguwar Sanyuanli, masu ratsin shuɗi kamar an tsoma su a marina, sai na ce na tsinci dami. Itacen dazukan arewacin China ne mai ganye kamar allura, gefensa da sauran ɓawo, ƙarƙashin ɓawon kuma ga wani zane mai rassa gwanin kyau.

Tsohon ya yi ta kaɗa hannu yana cewa "Meyo, meyo," wato babu, yana nuna mini farin katako. Ni kuwa ɗan kasuwar Kano, na san duk abin da mai kaya ya hana ka shi ne na kirki. Na kafe sai shi. Ya dube ni da tausayi (na ɗauka baƙin ciki ne), ya sa aka ƙera akwatunan.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga Masallacin Huaisheng, muka zauna cin abinci da wasu 'yan kasuwa. Na zaro guntun katakon daga aljihu, na shiga lacca, har da rantsuwa cewa irinsa sarakunan China ke yin gado da shi. Kawu sai murmushi yake yi.

A cikinmu akwai Malam Isuhu, mutumin Maraɗi da ke karatun gandun daji a garin. Ya karɓa, ya sa farce ya ɓamɓare ɓawon, sai ga wani baƙin ƙwaro kamar ƙwayar shinkafa ya faɗo kusa da kofin shayin Kawu, yana tafiyarsa abinsa. Malam Isuhu ya ciro gilashin ƙara girma ya ce in leƙa. A bayan ƙwaron na ga wasu 'yan mitsi-mitsin halittu kamar kaska sun maƙale.

A hankali ya yi bayani, kuma hankalin nan ya fi zagi ciwo. Zanen hanyar da ƙwaron ya haƙa ce. Ƙananan nan fasinjojinsa ne, hawa suke yi ya kai su sabon itace. Shi da su ke ɗauke da funfuna, ita ce ke rina katako shuɗi. Ya ƙara da cewa da wuya a bar akwati mai ƙwaro da rai ya hau jirgin ruwa.

Na ji kunya har cikin ƙashina.

Kawu ya daɗe yana kallon ƙwaron, sannan ya ce, "Malam, wato shi ya yi wahalar tafiya, su kuma suka hau bayansa kyauta suka ɓata aiki?"

"Haka ne, Alhaji."

"To, ai ni ne ƙwaron."

Aka sake ƙera akwatuna, jirgin wannan makon ya wuce mu, tsohon kuma ya karɓe ni ya sake nuna mini farin katakon nan. Kawu bai taɓa turo ni a madadinsa ba. Tun daga ranar, in mai kaya ya ce mini kada in saya, nakan tsaya in tambaye shi dalili. A gida kuwa har yau ba a kirana da sunana, sai Fasinja.